Katangar da Na Gina wa Baba

Litinin, 8:20 na safe

An zaɓe mu. Wasanni fiye da ɗari uku aka tura wa gasar bana ta masu ƙera wasannin kwamfuta waɗanda ba su da kamfani a bayansu, namu ya shiga biyar ɗin ƙarshe a ɓangaren tsari. Ƙanina Auta ne ya fara ganin saƙon. Ya faɗo ɗakin aiki da burushi a baki yana ihu, ƙato da shi, ɗan shekara ashirin da tara, har ya ture fanka. Na yi murna, ba zan ce ban yi ba. Minti goma na yi ina yi, sannan na karanta abin da alƙalai suka rubuta a ƙasa.

"Gangara wasa ne na direban babbar mota da ke saukowa daga dutse da kaya. Abin da ya burge mu shi ne motar ba ta faɗuwa. Duk yadda ka kai ta bakin rami, wani abu da ba ka gani zai mayar da ita hanya a hankali. Sai mai wasa ya ajiye tsoro, ya saurari inji, ya kalli itatuwa. Wannan jarumta ce."

Jarumta wai! Motata tana faɗuwa. Shekara huɗu na yi ina koya mata faɗuwa: nauyin kaya, zafin birki, yadda bayan mota ke wasa a kwanar hanya, duk don cikin mai wasa ya ɗuri ruwa in ya hango rami. Wanda motar ba ta faɗuwa a cikinsa guda ɗaya ne tak, kuma ba don gasa aka yi shi ba. Na Baba ne.

Litinin, 1:00 na rana

Na duba. Na Baba aka tura.

Talata, 5:40 na yamma

Bari in rubuta dalla-dalla ko zuciyata ta ɗan yi sanyi.

Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa babbar mota bai taɓa kifar da ita ba. Daga labaransa muka gina wasan, ni ina rubuta manhaja, Auta yana zane. Bayan shanyewar ɓarin jikin da ta same shi bara, hannunsa na dama ya daina aiki, ya koma zama a falo yana kallon bango. Sai na yi masa nasa daban. Na sa giyar motar ta riƙa shiga da kanta, na tattara hagu da dama da birki a ƙarƙashin yatsu uku na hannun hagu. Wannan ya sani, har ya yi mita a kan giyar. Abin da bai sani ba shi ne na gina katanga a bakin ramin, tun daga saman dutse har ƙasa, wadda ido ba ya gani. Rana ɗaya na yi ta, tsakanin abincin rana da dawowar wuta. In hannunsa ya yi rawa motar ta nufi rami, katangar ta turo ta a hankali, sai ya juyo ya ce, "Kin gani, Injiniya? Na ƙwato ta."

Mu kuma ba ma sa wa fayil lamba kamar mutanen kirki. Sunan wanda aka yi wa muke sawa, ko abin da ya zo baki: na gaske, na Baba, sabo, sabo na gaske, sabon sabo. Na ce wa Auta wannan shirmen nasa ne ya jawo mana.

Ya ce, "Yaya, wa ya tura?"

Na ce ba maganar da ake yi ke nan ba.

Ya ce, "To wace ake yi?"

Na ce ya fita min daga ɗaki. Ya tuna min ɗakin na mu biyu ne, sai ni na fita.

Alhamis, 11:15 na safe

Mama ta gaya wa Baba. Ban ga laifinta ba, ba ta san komai game da katanga ba, amma da za ta riƙa tambaya kafin ta yi shela da ya fi. Yau tsohon abokinsa Makanike ya zo gaisuwa, ina jin su daga kicin, Baba na cewa:

"Wasan da 'ya'yana suka yi ne. Na kai ta ƙasa sau goma sha biyu da wannan," na san hannun hagun ya ɗaga, "ko fenti ban kankare ba."

Makanike ya ce, "Ai kai ko da ƙafa aka ba ka sitiyari."

Dariyar Baba ta fito, irin wadda muka yi wata takwas ba mu ji ba. Sai ya ƙwala min kira, ya ce yaushe ne taron. Na ce saura mako biyu, ranar Asabar. Ya ce a fito masa da baƙar jaket ɗinsa.

A wurin taron ba da lambar yabon, ana karanta bayanin alƙalai da lasifika kafin a kira kowane suna. A gaban mutum ɗari biyar za a ce motar ba ta faɗuwa, shi kuma yana zaune a layin iyalai da jaket.

Juma'a, 10:30 na safe

Na kira shugabar shirya taron. Daga yau sunanta Madam Doka a littafin nan. Na ce an samu kuskure, ina so in musanya fayil.

"Abin da alƙalai suka gani shi ake nunawa a rumfar baje koli. Sashe na tara."

Na ce to a gyara bayanin, a cire layi ɗaya kawai.

"Kalmomin alƙalai ne, ba ma taɓawa. Kuma an riga an buga littafin taro."

Na ce layi ɗaya fa, baiwar Allah.

"Amma wannan layin shi ne dalilin da aka zaɓe ku. In kina so ki janye, akwai fom."

Akwai fom! Taron da suke tallata shi da cewa na masu 'yanci ne, ba kamfani ba manaja, ashe sun fi ofishin lasisi sashe-sashe. Na yi godiya da muryar da ba tawa ba, na kashe waya, na yi tsaki har Auta ya cire abin kunnensa.

Asabar, 4:00 na yamma

Alƙali biyar. Ba wanda ya ce, anya mai wannan birkin haka ta yi niyya?

Lahadi, 9:00 na safe

Na ce wa Baba zauren yana hawa na uku, matakala ce zalla. Auta, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce akwai lif. Na ce hayaniya za ta yi masa yawa. Baba ya ce wanda ya kwana a tasha shekara talatin ba a ba shi labarin hayaniya. Na ce taron yana da tsawo. Ya ce zama ne aikinsa yanzu.

Mama ta goge jaket ɗin ta rataye a bayan ƙofar falo, cikin leda. Duk shigar da zan yi sai na gan ta.

Talata, 2:10 na rana

Na raka shi wurin likitar motsa jiki. Ta ce yatsun hagun sun yi ƙarfi sosai, kuma ya fara yarda ya gwada na daman, abin da da ya ƙi ƙememe. Ta tambaye shi sirrin. Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ta mayar da ni bakin aiki."

Ni dai takalmina na yi ta kallo. A barandar asibitin nan ce, a kan bencin jira, aka tura fayil ɗin wata uku da suka wuce, saura minti ashirin a rufe karɓa, intanet na waya yana yankewa, ana kiran lambar layin Baba a ciki.

Laraba, 6:15 na yamma

Na sauko da fom ɗin janyewa daga intanet na buga. Auta ya gan shi a kan firinta.

"Ba ki isa ba."

Na ce ni na rubuta wasan.

"Ni kuma na zana itace ɗari huɗu ɗaya bayan ɗaya. Karo na farko ke nan da wani ya ce ya kalle su. Kamfanonin da ke fitar da wasanni kasuwa za su zo wurin nan, Yaya. Kin san shekara nawa nake jira wani ya tsaya a gaban zanena?"

Na ce Baba fa?

"Ki gaya masa gaskiya yau, a falo, mu uku. Shi ke nan."

Na ce ba shi da hankali.

"Ke dai faɗi gaskiya. Haushinki an yabi aikin rana ɗaya an bar na shekara huɗu. Baba kika samu kika fake da shi."

Na jefe shi da littafin zanensa. Bai same shi ba, ya sami fanka. Ya fice abinsa. Ina jin haushin yabon, gaskiya ne. Ina kuma tsoron fuskar Baba, wannan ma gaskiya ne. Ban ga dalilin da zai sa a ce sai ɗaya zan ji ba.

Alhamis, 7:30 na safe

Ni na tura. To, na rubuta. Sabon sabo na gani a sama, na danna, ashe na Baba ne a ciki.

Asabar, 12:00 na rana

Ban cike fom ɗin ba. Na zauna kusa da Baba da niyyar in faɗa, sai na tarar yana kan kwana ta shida, harshe a waje, gumi a goshi. Motar ta goge katangar sau uku a gabana. Sau uku yana cewa, "Yauwa, dawo nan, 'yar gari." Da ya isa ƙasa ya ce me ke tafe da ni. Na ce shayi na zo tambaya ko zai sha.

Talata, 3:30 na rana

Sabuwar dabara: in an zo karanta namu, Mama ta ce tana son ruwa, Auta ya fita da Baba nemowa. Auta ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Mama ta ce me ya sa za ta ji ƙishirwa da lokaci. Gidan nan ba mai taimakon mutum.

Juma'a, 5:50 na yamma

Ranar farko ta baje koli. Rumfarmu tebur ɗaya ce da kujera biyu, tsakanin wasu masu wasan kifi da wani mai wasan aljanu wanda lasifikarsa ke ihu tun safe. An ba mu soket ɗaya, shi ma sai an danne shi da kwalbar ruwa.

Layi har bayan rumfar masu kifi. Kuma kowa da abin da ya kawo shi: ya ji an ce ba ta faɗuwa, ya zo ya gwada. Su danne maɓalli su nufi rami da gangan, motar ta goga ta dawo, su kwashe da dariya su ɗauki hoto. Ba wanda ya taka birki. Birkin da na je garejin Makanike sau tara ina auna zafinsa!

Wani ɗan jarida mai gilashi ya ce, "Me ya ba ki ƙarfin halin cire faɗuwa?" Na ce rashin barci. Ya rubuta.

Wata mata kuma, da ɗan furfura a kanta, ta yi wasan tun daga sama har ƙasa. Da ta tashi ta ce rabon da ta gama wani wasa tun kafin hannunta ya fara rawa. Ta riƙe hannuna ta yi godiya. Wannan ya ɓata min lissafi, don na fito da shirin jin haushin kowa.

Asabar, 7:00 na yamma

Ashe ba sai an kai ga lasifika ba. Duk dabarata a kan zauren take, ban taɓa tunanin rumfa ba.

Ƙarfe huɗu za a fara taron, sai ga su ƙarfe biyu, wai Baba yana son ganin inda 'ya'yansa suka kafa shago. Jaket, sanda, Mama a gefe. Auta ya tashi zai ba shi kujera, ya ce a'a, bari ya ga yadda mutanen gari ke tuƙi. Ya tsaya a bayan wasu 'yan mata biyu. Ɗayar ta ce wa ɗayar, "Kalli, kalli," ta danne hagu ta riƙe. Motar ta je bakin rami ta jingina da iska, tana ta tafiya a haka, tayoyi rabi a waje. Ta saki maɓallan gaba ɗaya ta naɗe hannu. Motar ta ci gaba da saukowa abinta.

Baba ya kalla har ta wuce kwanar hanya biyu.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Wannan irin nawa ne?"

Mai aljanu yana ta ihu a gefe. Na ce, "Irin naka ne."

Ya gyaɗa kai. Ya ce wa Mama su je su kama wuri kafin a cika.

Mu muka ci. Madam Doka ta karanta bayanin kalma bayan kalma, har da jarumtar. Auta ya yi jawabi, ya gode wa kowa har da mai gyaran fanka. Ni na ce na gode na sauka. Daga sama ina hango Baba. In abu ya yi masa daɗi cinyarsa yake bugawa da hannun hagu, tunda tafi ya gagara. Hannun yana kan sanda har aka tashi.

Lahadi, 10:00 na safe

Lambar gilashi ce, nauyi kamar dutse. Mama ta ɗora ta a kan talabijin. Bai kalle ta ba.

Litinin, 4:20 na yamma

Bai taɓa kwamfutar ba. Bai matsa ƙwallon robar da likita ta ba shi ba. Ina kwana, lafiya, shi ke nan. Ya koma kiran sunana na yanka.

Kamfanoni biyu masu fitar da wasanni kasuwa sun turo saƙo, dukansu suna son "wanda ba a faɗuwa". Auta yana amsa musu a ɓoye kamar mai cin abinci a gidan makoki. Na ce ya amsa a fili, haƙƙinsa ne. Ya ce, "Yaya, da kin..." Na ce in ya ƙarasa zan sake jifa, kuma wannan karon zan saita.

Laraba, 9:40 na safe

Kwana huɗu. Gara ya zage ni.

Alhamis, 5:00 na yamma

Ya aiko Mama ta kira ni. Yana zaune a gaban kwamfutar, ba a kunna ba.

"Sau nawa?"

Na ce sau nawa me.

"Kar ki raina min hankali sau biyu. Ke ba kya gina abu ki bar shi ba ma'auni. Sau nawa na taɓa ta?"

Akwai ma'aunin. Na sa shi tun ranar farko don in san ko katangar tana aiki. Na so in rage, bakina ya ƙi.

"Ɗari da arba'in da shida."

Ya daɗe yana kallon yatsunsa uku.

Na ce, "Baba, lokacin ba ka cin abinci, ba ka magana, na ga in motar ta..."

"Likita ta kalli idona ta ce hannun nan ba lalle ya dawo ba. Na ji, ban mutu ba. Ke kuma 'yar cikina kika yanke cewa ba zan iya ganin motar zane ta faɗi ba. Kika bar ni ina cika wa Makanike baki." Ya nuna kwamfutar da haɓa. "Rushe ta."

Minti biyu ya ɗauke ni. Ya faɗi a kwana ta farko. Ban taɓa jin tsawon ƙarar nan ba sai yau, ni da na haɗa ta da hannuna: ƙarfe, duwatsu, sannan shiru. Ya ce in sake kunnawa. Ya faɗi sau bakwai. A na takwas ya kai kwana ta uku, ya taka birki, motar ta juya ciki ta daki dutse ta kife.

"Wannan ba laifina ba ne."

A raina na ce borin kunya ya fara.

"Mota mai kaya ba ta yin haka. In ka taka birki a tsakiyar kwana, kayan turo ka waje suke yi. Taki ciki take ja. Kin juya abin."

"Baba, shekara huɗu ina nuna maka wannan kwanar. Tun kana da lafiya. Kullum cewa kake ta yi."

"Haka nake cewa."

"Don me?"

"Kina zuwa ido jajur, ba ki yi barci ba, ki tsaya kina kallon bakina. Me kike so in ce?"

Na tashi na fita ban rufe ƙofar a hankali ba.

Juma'a, 11:30 na safe

Na duba. Gaskiyarsa ne. Tun shekarar farko lissafin nauyin a juye yake, kuma duk abin da na gina daga baya a kansa na ɗora. Alƙalai biyar ba su gani ba, ni ban gani ba, mutum ɗaya da ya gani ya zauna yana ce min ta yi. Shekara huɗu! Na gaya masa da safe cewa wannan rainin hankali ne. Ya ce in ɗauki lamba in bi layi, shi ya riga ni shigar da ƙara.

Na gyara kwana ta ukun kawai, sauran za su ci watanni. Ya jawo kujera da ƙafa, ya dafa yatsunsa uku, ya sauko a hankali. Ya wuce ta farko, ya wuce ta biyu. A ta uku ya taka birki a makare, kayan suka turo shi waje, motar ta tafi ramin gaba ɗaya.

Muka saurari ƙarar har ta ƙare.

Ya ce, "To. Wannan karon ni ne. Sake kunnawa."